Tsakanin Ɗakin Yara da Ɗakin Manya: Yadda Aka Fara Koya wa Likitoci Duba Matasa

Mai karatu, duk babban asibitin da ka taɓa shiga ka tarar an raba shi gida biyu. Jariri da yaro suna da likitansu da ɗakinsu da ƙananan gadajensu, magidanci da matar aure da dattijo su ma da nasu. To, ɗan shekara 15 fa, ina ƙofarsa? Idan aka kwantar da shi a ɗakin yara ƙafafunsa su leƙo ta ƙarshen gado, kukan jarirai ya hana shi barci. Idan aka kai shi ɗakin manya ya kwana kusa da tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, babu mai ce masa uffan. Kowane asibiti da inda ya ja layinsa, wani a shekara 12, wani 14, wani sai 18, kuma sau da yawa yawan gadajen da ke akwai ne ya ja layin, ba jikin yaron ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran duk mai shekara 10 zuwa 19 matashi mai tasowa, kuma ta ƙiyasta yawansu ya kai biliyan 1.3, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane shida a doron ƙasa. Duk da wannan yawa, koya wa likita yadda zai duba su a matsayin jinsi na daban bai girmi kakannin da yawa daga cikinmu ba. Tarihin abin nake son in ba ka, domin a cikinsa akwai bayanin wasu ɗabi'un likitoci da ke ɓata wa iyaye rai, musamman wannan ta cewa uwa ko uba su ɗan ba da wuri a gana da yaro shi kaɗai.

Waɗanda suka fara lura da cewa mai tashen balaga ba yaro ba ne kuma ba babba ba, su ne likitocin makarantun kwana. A Ingila sun kafa ƙungiyarsu tun 1884. Aikinsu shi ne annobar da ke ɓarkewa a ɗakin kwanan ɗalibai, da targaɗe da karaya a filin wasa, amma da yake yaran suna gabansu shekara da shekaru, sun ga abin da likitan gari ba ya gani. A 1904 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, G. Stanley Hall, ya fitar da littafi mai juzu'i biyu a kan shekarun balaga, ya siffanta su da lokacin hargitsin zuciya. A 1918 kuma wata likita, Amelia Gates, ta rubuta bayanin wani ɗakin duba matasa da ake gudanarwa a makarantar likitanci ta jami'ar Stanford. Duk waɗannan tartsatsi ne, wutar ba ta kama ba.

Wanda ya hura ta shi ne James Roswell Gallagher, shi ma likitan makarantar kwana. Daga 1934 zuwa 1950 yana aiki a wata tsohuwar makarantar samari da ke garin Andover a jihar Massachusetts. Shekara 16 yana auna tsawonsu da nauyinsu, yana ɗaure musu gwiwa, yana nazarin waɗanda ke da kaifin basira amma karatu da rubutu suka gagare su. Abin da ya fahimta bai fi ƙarfin kowace kaka mai lura ba, sai dai likitanci bai taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba: saurayin da ya zo da ciwon kai ko ciwon ciki, sau da yawa abin da ke cinsa daban ne. Ko sa'o'insa sun yi tsawo sun bar shi, ko muryarsa ta ƙi buɗewa, ko ya faɗi jarrabawa yana tsoron mahaifinsa. In ka ba shi ƙwayar ciwon kai ka sallame shi, mako mai zuwa zai dawo, ko kuma ya ƙi dawowa, wanda shi ne ya fi muni.

A 1951 Gallagher ya buɗe sashen matasa a Asibitin Yara na birnin Boston, yana karɓar masu shekara 12 zuwa 21. Ba wata sabuwar na'ura ya kawo ba, ba kuma sabon magani ba. Tsarin zama ya sauya. Matasa suna da wurin jiransu, ba a cakuɗa su da masu goyo. Kowane ɗaya yana da likita guda wanda ya san shi da suna, shi zai riƙa gani duk zuwa. Kuma likitan yana ganawa da matashin shi kaɗai, sannan ya gana da iyaye, ya saurari nasu ɓangaren. Cututtukan da ake kawowa ba masu firgitarwa ba ne a idon likitan asibitin koyarwa: kurajen fuska, ƙiba, ciwon mara lokacin al'ada, gajarta, ciwon gwiwa, koma-baya a makaranta. Manyan likitocin wancan zamani suna ganin waɗannan ba su kai a ɓata musu lokaci ba. Gallagher ya ce ga mai shekara 14 ƙurji a goshi ba ƙaramin abu ba ne, kuma likitan da ya raina ƙurjin ba zai taɓa jin labarin abin da ya fi ƙurji ba.

Muhimmin abu shi ne ya mayar da sashen makaranta. Likitoci suka riƙa zuwa daga fannin yara, da fannin cututtukan manya, da masu duba kowa da kowa, su zauna watanni ko shekara suna koyon yadda ake wannan ganawa, sannan su koma garuruwansu su buɗe irin nasu. A 1960 ya fitar da littafin koyarwa a kan kula da lafiyar matashi, kuma ya ci gaba da jagorancin sashen har 1967. Akwai kuma abin da ya taimaka masa wanda ba dabararsa ba ce. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafi sun rage cututtukan da a da suke cika ɗakunan yara a Amurka, likitocin yara suka sami sararin ɗaga kai, ga kuma ɗimbin jariran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fara girma.

A daidai wannan lokaci, can Ingila, wani likita mai suna James Tanner yana wani aikin na haƙuri. Tun daga 1948 shi da abokin aikinsa suke auna yaran wani gidan reno da ke Harpenden, kowane wata shida, idan balaga ta kama kuma kowane wata uku, har tsawon fiye da shekara 20. Daga nan aka fitar da matakai biyar na balaga da ake koya wa kowane ɗalibin likitanci a yau, na 'yan mata a 1969 daga yara 192, na maza a 1970 daga yara 228. Amfanin aikin shi ne ya nuna cewa shekarun haihuwa ba su ne ma'auni ba: 'yan aji ɗaya masu shekara 13, wani jikinsa bai motsa ba, wani ya kusa gamawa, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Amma ka riƙe wannan: yaran duk Turawan Ingila ne 'yan gidan reno guda. Jerin matakan ya zauna daidai a ko'ina, lokacin farawarsu kuwa yana bin abinci da gado da lafiyar jiki. Yarinya mai sikila, alal misali, sau da yawa balagarta takan yi jinkiri da shekara ɗaya ko biyu, likitan da ya san haka zai kwantar mata da hankali tun kafin ta fara zargin kanta.

Shekarun 1960 sun zo wa Amurka da abin da sashen Boston bai shirya masa ba. Shaye-shaye ya yaɗu, cututtukan saduwa suka ƙaru, yara suka riƙa gudu daga gida. Waɗannan ba sa zuwa asibiti da iyaye, domin da iyayen ake rigimar. Aka fara buɗe musu ɗakunan shan magani na kyauta a unguwanni, mafi shahara shi ne wanda likita David Smith ya buɗe a San Francisco a 1967. A 1968 likitocin wannan fanni suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda a 2010 ta ƙara kalmar lafiya a sunanta domin ta ƙunshi nas-nas da masu ba da shawara da sauran ma'aikata, ba likitoci kaɗai ba.

Daga wannan zamani ne aka sami abin da ni a ganina ya fi kowane abu amfani a cikin tarihin nan, wato jerin tambayoyin da ake koya wa likita. Likita Henry Berman ya tsara shi a 1972, Eric Cohen da John Goldenring suka gyara shi a Los Angeles suka wallafa a 1988. Da haruffan farko na kalmomin Turanci ake haddace shi, HEADSS. Hikimar tana cikin jerin. Likita ba zai fara da tambayar da za ta sa yaro ya sunkuyar da kai ba. Zai fara da gida: da wa kake zaune, wa kake faɗa wa damuwarka? Sai makaranta ko wurin koyon sana'a: wane darasi ka fi so, bana ya sakamakonka idan aka gwada da bara? Sai abin da kake yi bayan an tashi, da su wa kake yawo. Sai a gangaro ga taba da ƙwayoyi, kuma a nan ma akan fara da abokai, a ce ko a cikin abokanka akwai masu sha, domin yaro ya fi sakin baki a kan abokinsa kafin kansa. Sai sha'anin soyayya da kusantar jiki, har da ko wani ya taɓa tilasta masa abin da bai so ba. A ƙarshe sai baƙin ciki, da rashin barci, da ko ya taɓa tunanin hallaka kansa. Daga baya aka ƙara cin abinci da tsaron rai, irin su hawan babur da faɗan daba. Ka ga kamar mai shiga rafi ne, daga bakin gaɓa yake farawa, ba ya faɗa wa tsakiya.

Me ya sa likita zai damu da waɗannan? Domin abin da ke kashe masu wannan shekaru, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawansa ba a ganinsa a gwajin jini: haɗarin hanya, nutsewa a ruwa, tashin hankali, kashe kai, da matsalolin ciki da haihuwa ga 'yan mata. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa ko damuwa. Ba wanda zai gano waɗannan sai wanda ya iya tambaya.

Kada ka zaci iyayen can sun karɓi abin hannu bibbiyu. A Ingila wata uwa mai 'ya'ya goma, Victoria Gillick, ta kai hukumar lafiya ƙara, tana neman a hana likita ba 'yar ƙasa da shekara 16 shawarar hana ɗaukar ciki ba da sanin iyaye ba. Shari'ar ta kai har kotun ƙoli ta wancan lokaci, a 1985 alƙalai uku cikin biyar suka yanke cewa abin dubawa shi ne ko yarinyar ta kai fahimtar abin da ake magana a kai. Wannan hukuncin Ingila ne, kowace ƙasa da dokarta da al'adarta, ba kuma shi ke aiki a asibitocinmu ba. Na kawo shi ne don ka san tsoron da kake ji ba ƙauyanci ba ne, an yi jayayya a kansa a gaban manyan alƙalai, su ma kansu ya rabu. Abin da bincike ya nuna kuwa shi ne wannan: a 1997 an wallafa wani gwaji da aka yi da ɗaliban sakandare a California, aka sa musu muryar likita, wasu ya yi musu alƙawarin riƙe sirri, wasu bai yi ba. Masu cewa za su dawo wurin likitan sun tashi daga kashi 53 zuwa 67 cikin ɗari saboda alƙawarin kawai. Kuma sirrin da ake koya wa likita yana da iyaka, ana faɗa wa yaron iyakar tun farko: idan ransa ko ran wani yana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, to dole a sanar da wanda zai kare shi. Likitan da ya sami horo na gari burinsa a ƙarshe yaron ya faɗa wa iyayensa da bakinsa, shi kuma ya zauna a tsakani.

Takardar shaida ita ce ta zo a makare. A 1972 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce haƙƙinta ya kai har shekara 21. A 1978 wani kwamitin da ya duba horon likitocin yara ya bayyana cewa ana yaye su ba su iya duba matasa ba. An daɗe ana muhawara: a mayar da abin fanni mai zaman kansa, ko a koya wa kowane likita? Sai a 1994 aka zauna jarrabawar ƙwarewa ta farko, shekara 43 bayan buɗe sashen Boston, kuma a yau mai son takardar sai ya ƙara shekaru a kan horonsa na yara ko na manya ko na iyali. A 1997 aka wajabta wa duk mai koyon likitancin yara a Amurka ya yi wata guda a sashen matasa. Ni dai wannan wata gudan ya fi burge ni a kan takardar, domin ƙwararrun ko a Amurka ba su da yawa, matashi kuwa wanda ya tarar a kan kujera shi zai gani. Sauran duniya ma ta nan ta bi. An kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta lafiyar matasa a Sidni ta Ostareliya a 1987, a birnin Lausanne na Suwizalan ana shirya kwas na koyar da masu koyarwa, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abin da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya na matakin farko ya iya game da matasa.

Nijeriya ta yi manufarta ta farko a kan lafiyar matasa a 1995, ta sabunta ta a 2007, an kuma sake sabuntawa bayan nan. A takarda ba a bar mu a baya ba. Amma dubi yadda ake yaye likita: shekara shida a jami'a, sannan shekara guda ta aikin gwaji a asibiti, wadda aka raba wata uku-uku tsakanin sashen cututtukan manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa. Matashi yana ratsawa ta dukan huɗun, ba ko ɗaya da yake nasa. Mu ma masu harhaɗa magunguna haka aka koya mana, ma'aunin yaro da ma'aunin babba, na tsakiya sai ka yi amfani da hankalinka.

Kuma ta tagar ɗakin magani ake ganin kuɗin da wannan giɓi yake ci. Ɗauki farasitamol, wanda ba gidan da babu shi. Ga yaro ana lissafa miligiram 15 a kan kowane kilo na nauyinsa, ga babba kuwa ƙwaya biyu, miligiram 1000. Saurayi mai sikila ɗan shekara 16 yana iya zama kilo 35 kacal. Idan aka dubi shekarunsa aka ba shi na manya, an kusa ninka masa abin da jikinsa ke buƙata, kuma mai ciwon ƙashi ba sau ɗaya yake sha ba, kwanaki yake jerawa, hanta ce ke ɗaukar nauyin. Ko ɗauki mai ciwon suga irin na yara. Tun 1986 bincike ya tabbatar da cewa lokacin balaga jiki yana rage jin insulin, ko ga mai lafiya. Yarinyar da sugarta ke zaune lafiya shekara biyar sai ya fara hawa, a gida a ce tana satar alewa, a asibiti a yi mata faɗa, alhali ma'aunin allurarta ne ya kamata likita ya sake dubawa. Wadda aka zarga da laifin da ba ta yi ba, ba da jimawa ba za ta daina faɗin gaskiyar abin da na'urar gwaji ta nuna. Akwai kuma maganin farfaɗiya da za ka ga an rubuta valproate a kwalinsa. Yana aiki sosai, amma yana iya nakasa ɗan tayi. Yarinyar da aka ɗora a kansa tana shekara 8, ga ta ta kai 16 ana zancen aurenta, dole wani ya tuna ya zaunar da ita da mahaifiyarta a sake shawara tun kafin biki. Ba a dainawa kai tsaye, farfaɗiyar za ta dawo da ƙarfi, likita ne zai tsara sauyin. Likitan yara yana ganin zancen aure ba nasa ba ne, likitan manya bai san ta ba tukuna.

A 2018, bayan wani rahoton BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ya yi katutu a tsakanin samari da 'yan mata, har da na Kano, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi. Kafin haramcin, nawa ne daga cikin yaran nan suka zo asibiti da taurin bayan gida ko yawan barci ko ciwon ciki, aka rubuta musu magani suka tafi, uba yana tsaye a kansu, ba wanda ya yi tambaya ta huɗu a jerin Berman?

Ke uwa, na san abin da ke ranki idan aka ce ki ɗan jira a waje: me ɗana zai faɗa wa bare wanda ba zai faɗa mini ba? Amma ke kika yi masa tarbiyyar kunya, kuma kin yi daidai. A gidajenmu uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, budurwa ba ta iya furta kalmar al'ada a gaban mahaifinta ko da ciwon mara zai kashe ta. Magabata sun san da haka, shi ya sa suka bar ƙofar kaka da goggo da kawu a buɗe, inda jika zai yi wasa ya faɗi abin da ba ya faɗuwa a ɗakin uwa. Yau da yawa muna zaune a birni, kaka tana ƙauye. Minti goman da likita ke nema wani yanki ne na wannan gurbi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kina da haƙƙin ki nemi mace ta duba 'yarki, ko nas ta zauna a ɗakin lokacin duba jiki, ki kuma tambayi likitan abin da zai riƙe da abin da zai sanar da ke.

Wurin da aka fi asarar yara masu doguwar jinya, sikila ko suga ko farfaɗiya ko ƙanjamau da aka haife su da shi, shi ne ranar da aka ce sun girmi ɗakin yara. Can an san su tun suna goye, nan kuwa lamba ce a kan kati, layi ya fi tsawo, ba mai neman su idan sun yi fashi. Masu horon matasa suna fara shirin wannan ƙaura tun yaro yana shekara 12 zuwa 14, kuma kai ma kana iya farawa a gida ko da asibitinku ba su da tsarin. Kai saurayi, ke budurwa, ka san sunan cutarka da sunan kowane maganinka da ma'auninsa ba tare da ka waiwayi Mama ba. Idan kun zo karɓar magani, kai ka miƙa takardar, kai ka yi tambaya, a auna nauyinka a rubuta a kati kowane zuwa. Kafin a sallame ku daga sashen yara kuma, ku nemi likitan ya rubuta taƙaitaccen tarihin jinyar, da magungunan da aka gwada suka ƙi, da waɗanda jiki bai karɓa ba, a sa muku ranar ganin sabon likita, ku kuma karɓi maganin da zai kai ku wannan rana.